Hafiya da Gungumen da Aka Share

Idan ka shiga ƙauyenmu na gindin tsaunukan Karpat, kafin a ba ka ruwa za a ba ka labarin Hafiya Dzuba. Wai ta auri gungumen itace, fada ya ɗaura auren a coci, har ta haifa masa laimar kwaɗi tagwaye. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma taubashinta Mitro ne ya ƙirƙiro ta a shagon barasa. Hafiya tana da miji ɗan Adam mai suna Fedor, sai dai shi ma ya amsa cewa gungumen ya fi shi samun kulawa.

Hafiya mai gadin daji ce. Tun tana budurwa take hawa tsauni tana tsaron manyan itatuwan buk masu santsin jiki, waɗanda mutum uku ba sa rungume ɗaya. Dokar wurin ba ta da tsawo: abin da ya faɗi a bar shi inda ya faɗi. Itace ya ruɓe, ƙwari su shige shi, tsuntsaye su zo cin ƙwarin, 'ya'yan buk su tsiro a kan gawar uwarsu. Akwai wani gungume a Kwarin Mujiya da iska ta kayar tun zamanin kakanni, gansakuka ta lulluɓe shi. Hafiya na kiransa Tsoho, tana gaishe shi kafin ta gaida surukarta.

A bazarar da abin ya faru, aka aiko cewa baƙi za su zo daga birni su duba dajin. In sun same shi yadda Allah ya bar shi, zai ci gaba da zama a rufe. In ba haka ba, a buɗe wa masu zarton inji. Hafiya ta tafi gari tarbo su, ta bar dajin a hannun kawunta Ilko, mai gari.

Mu kuwa ba a yi mana baƙo a same mu da datti. In bishop zai zo, har duwatsun hanya muke shafa wa farar ƙasa. Kawu Ilko ya leƙa kwarin, ya ga itatuwa a zube kamar an yi yaƙi, kunya ta kama shi. Nan take ya kira gayya. Maza suka fito da dawaki da sarƙoƙi, mata suka dafa dankali da kabeji, aka share Kwarin Mujiya tas, har da manjagara aka bi ganye.

Hafiya ta baro baƙin a hanya, ta riga su isowa. Ta tarar da gungumai jibge a bayan coci, ƙauye na ta rawa. Masu gani sun rantse cewa hayaƙi ya fita ta kunnenta.

“Kawu, wane ne ya aikata wannan?”

“Mu duka, 'yata,” in ji Ilko yana gyara gashin baki. “Ba sai kin gode ba. Yanzu ko allura ce ta faɗi a kwarin nan za a tsince ta.”

“Allura suka zo gani? Ruɓaɓɓen itacen nan shi ne dajin! Kun kwashe masa hanji kuna cewa kun yi masa wanka!”

“To, a ce mana ƙazamai?”

“Gara a ce muku ƙazamai da a ce muku marasa daji. Ina Tsoho?”

Kowa ya kalli takalminsa. Matar fada ce ta nuna hayaƙin da ke tashi daga tanda. Da busasshen gefen Tsoho aka gasa burodin tarbar baƙi, sauran an daddatsa shi.

Hafiya ba ta yi kuka ba. Ta ƙwace linzamin dokin Ilko ta ce duk wanda ya sauko da itace ya mayar da shi. Suka hau tsauni suna haki, tana biye da su tana zagin kowa da sunan kakansa. Amma gungumen da aka ja da sarƙa ba ya komawa yadda yake. Gansakuka ta saluɓe, ƙasa ta yi rauni, ko makaho zai shafa ya ji sawun zarto.

Baƙin suka zo, suka ci burodi suka yaba, suka hau suka gani. Saman tsauni ya tsira. Kwarin Mujiya kuwa suka ce hannun mutum ya riga ya shige shi, aka cire shi daga rufaffen daji. Kafin ƙanƙara ta sauko, ƙarar inji ta kori mujiyoyin.

Har yau Hafiya ba ta cin burodin matar fada, kuma in aka kira gayya sai ta rataya gatarinta ta tsaya a bakin hanyar tsauni. A can Mitro ya same ta kwanan baya, ya cire hula ya rusuna.

“Sannu da takaba, amarya. Ya haƙurin mai gidan?”

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

“Mitro, shi yana kwance a mace ya ciyar da rabin dajin nan. Kai tun haihuwarka kana tsaye da ranka, ko laimar kwaɗi ba ta ga abin tsirowa a jikinka ba.”