Agwagin da Suka Zaɓa wa Kafinta Fenti

Shekara arba'in Kafinta yana yin ƙofofi da kujeru, bai taɓa miƙa wa mai kujera kujerarsa ba sai ya hau kai ya yi tsalle tukuna. Shi ya sa unguwa ta raɗa masa Sai-Na-Gwada.

Da ya ajiye aiki, maimakon ya miƙe ƙafa kamar kowane tsoho mai hankali, sai ya cika tsakar gida da katako, wai jirgin ruwa zai ƙera. Yayar matarsa na can tsallaken kogi, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, zagayawa ta gada kuwa wuni guda ne a mota. Shekara uku rabon matar da ganin yayarta.

Matar ta ce, "Baban yara, na gode, amma ƙafata ba ta shiga akwatin nan. Mutumin da ko a baho bai iya iyo ba."

"Akwati? Bari ya sha fenti ki gani."

Ya sayo gwangwani uku, kore da rawaya da ja, kowane mai shago ya rantse masa ruwa ba ya cin nasa. Shi da yarda da rantsuwa? Ya raba cikin jirgin gida uku, kowane fenti da rabonsa. Ya yi kwana biyar yana zagayawa, yana shinshinawa, yana murmushi shi kaɗai. Sannan ya cika jirgin da ruwa taf, wai ruwan da ya kasa fita ai ba zai iya shiga ba. Ya bar shi ya jiƙa kwana biyu, ya tafi sayen igiya.

To, matar na da fararen agwagi biyar waɗanda duk rayuwarsu ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwano ba. Kafin ya dawo sun mai da jirgin gidan ubansu. Ya zari tsintsiya, ya kai duka, santsi ya kwashe shi, sai ga shi tsundum a tsakiyarsu, hula na yawo a kan ruwa.

Matar ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Da ta share hawaye ta cafko agwagwa ɗaya ta juya ta: ciki kore shar, fiffike rawaya. Ta duba sauran huɗun, haka. Ta leƙa ƙarƙashin jirgin, ƙasa a bushe ƙamas.

"Malam, ka lura? Jan nan ko ɗigo bai bi su ba."

"Ai da ma shi nake..."

"Rufe baki. Kai ma koren ya kama ka ta baya."

Ya kankare jirgin, ya mulke shi da ja ciki da waje. Ranar da aka sa shi a kogi ita ta fara shiga, da agwagwa a hammata.

"Wannan fa?"

"Ita ta gwada shi, da ita na yarda. Kai dai tuƙa."

Ya tuƙa, bakinsa har kunne. A ɗaya gaɓar an fito wa yayar da kujera, tana zaune da sandarta. Ta ƙura musu ido, sannan ta ce:

"Ƙanwata, ke ce? Ita kuma wannan wace irin agwagwa ce mai koren ciki?"