Tukwane Bakwai a Bakin Tiga

Har gobe ban manta ranar da muka tono tukwane bakwai a bakin dam ɗin Tiga ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in binciken kayan tarihi, ni ke kula da rami. Bazara ce, ruwa ya ja baya har kufan wani ƙauye da dam ya cinye ya fito fili.

Ƙa'idarmu ita ce ba a sa diga a kufai sai dattawan da suka tashi a wurin sun zagaya da mu, sun nuna mana inda ba a taɓawa. Mu 'yan ƙasa muka kafa ta da kanmu. Amma shugaban tawagarmu, Dakta, ya ce damina ta kusa, ba mu da lokacin zaman gaishe-gaishe.

Kwana na biyu muka tarar da ɓarin manyan tukwane, an jera su a kife. Na ce, "Ranka ya daɗe, jerin nan bai kwanta mini ba."

Ya ce, "Kai dai sa musu lamba."

Na sa. Na ɗauki hoto, na auna zurfi, muka ɗaga uku.

Sai ga Malam Sale, wani tsoho masunci da aka tasa daga ƙauyen yana saurayi. Ya ƙirga taku daga wani kututturen tsamiya, ya tsaya a bakin ramin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mini, "Yaro, mahaifiyata ce a nan. Da hannuna na jera su."

Dakta ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, za mu adana su a gidan tarihi da sunanta a jiki."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, jana'iza nawa ka je a rayuwarka? Wane Bahaushe ne bai san abin da ake rufe kabari da shi ba?" Na ciccire lambobin a gabansa. Takardar gargaɗin da ya ba ni tana fayil ɗina har yau.

Malam Sale ya shiga ramin yana mayar da tukwanen. Na miƙa hannu zan taya shi, ya ce, "Bari, kun yi naku."

Ku yaran da kuka shigo aikin nan, ku sani zama ɗan ƙasa bai hana ka ɓarna ba. Har yau ina jin haushin Dakta, amma na fi jin haushin kaina. Na gane kabari ne tun kallon farko, kuma na sa lambar.