Littafin Ciwo na Inusah Mai Faci

Inusah mai faci bai taɓa zama a aji ba. Ni kuwa, Sidiku, na gama makarantar midil a Yendi, satifiket ɗina na nan rataye a ɗakin Mma, mahaifiyata. Amma a zangonmu wa ake kira in za a kai mara lafiya asibiti? Inusah! Wallahi har yau abin yana ƙona mini rai.

Haifaffen Salaga ne. A 1984 ya yi jinyar babansa wata bakwai a wani asibiti a Bawku, a can ya samo abin. Duk nas ɗin da ta gifta sai ya tare ta: "Sista, in mutum ya ji jikinsa ya mutu, yaya Bature yake cewa?" Ta ce "run down", ya rubuta a wani tsohon littafi. Kasala da ɗan zazzaɓi-zazzaɓi, "under the weather". Murɗar ciki, sarawar kai, jiri, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya rasu, shi kuma ya taho Yendi da littafinsa, ya kafa rumfar faci kusa da tasha.

Tsofaffin zango suka ɗauke shi kamar ɗan cikinsu. Sai ya bar taya a ruwa ya bi su asibiti, ya dawo ana ta sa masa albarka. Ni da na yi shekara goma ina haddar Turanci, ko kallona ba a yi.

Da ciwo ya kwantar da Mma, na rantse ni zan yi mata tafinta. Uwata ce fa! Da safe na bi ta rumfar Inusah, ya juya baya yana hura taya, na zare littafin daga ƙarƙashin benci.

A gaban likitan, wani ɗan Kumasi da ba ya jin Hausa, Mma ta dafa ƙirji ta ce wani abu ne ke tokare ta, yana hawa yana sauka. Na buɗe littafin. Ashe da ajami ɗan banzan nan ya rubuta komai, ni kuma tun ina yaro na gudu daga makarantar allo. Na ce wa likita, "She is sick." Ya ce ai ya gani, ciwon me? Na shiga jujjuya shafukan littafin.

Mma ta dube ni, ta dubi littafin, ta gane shi sarai. A hankali ta ce, "Sidiku, mayar masa da kayansa. Ka ce uwarsa na kira."