Waken da Ya Dahu a Bargon Baba

Shekarar da soja suka koma bariki, Baba ya manne wa rediyo kamar shi aka zaɓa. Kullum sai ya ce mana farar hula sun zo, kananzir zai wadata. Ni da nake bin layi da galan a Sabon Tasha ban ga alama ba. Sai in wuni cikin rana, in dawo gida Unguwar Romi da abin da ko risho bai cika ba.

Dole muka koma itace. Wake ne abincinmu na Lahadi, shi kuwa wake ba ya sauri don kowa. Mama ke zama bakin murhu tana fifita, ido ja, hayaƙi na shiga ƙirjinta. Ita ce mai jan waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Kafin damina ta ƙare muryarta ta dushe, tari ya kama ta. Nas ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ko hayaƙi ko murya, ta zaɓi ɗaya. Ga bikin godiya na ƙaratowa, matan har sun fara raɗe-raɗin wadda za a ba jan waƙar. Mama kuwa ko wajen wanki ta daina rerawa.

Na karɓi girkin. Sai dai ni ba a yi ni don gadin tukunya ba.

Wata Lahadi da safe na ɗora waken a risho da ɗan kananzir da ya rage. Ya tafasa sosai, sai wutar ta yi ƙasa, ta mutu. Ga lokacin sujada ya yi. Ina tsaye ina tsaki, sai na tuna mai tuwon bakin kasuwa da ke naɗe kularta da tsumma, tuwo ya kai yamma da zafinsa. In zafi na zama, me zai hana shi ƙarasa aikin? Na sauke tukunyar ban buɗe murfin ba, na naɗe ta da tsohon zanin Mama, na cusa a kwandon wanki, na danne da bargon Baba.

Baba ya fito yana ɓalla maɓallin riga.

"Ke, ba bargona ba ne wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Waken ne ke jin sanyi?"

"Dahuwa yake yi."

"To, sakandare ta yi rana. Maman yara, fito ki gani, 'yarki ta kwantar da wake a asibiti."

Mama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce in bari, in mun dawo za ta hura wuta.

"Ba wutar da za ki hura, Mama," na ce. "In bai dahu ba mu sha gari."

Ranar fasto ya ja wa'azi kamar yadda ya saba. Ni ce da can mai mutsu-mutsu a benci, amma ran nan har so nake ya ƙara, don duk abin da ya ƙara, waken ya ƙara wa.

Muna isa gida Baba ya riga kowa zuwa kwandon, wai bargonsa zai ceto. Yana ɗaga murfi tururi ya buge shi a fuska. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matse, ta narke a yatsunsa. Na zuba manja da albasa da yaji. Ya cinye, ya miƙo kwano a ƙara, sannan ya ce daga yau da warin wake zai riƙa kwana.

Tun daga nan haka muke yi, har da shinkafa: a tafasa, a naɗe, a tafi harkar gaba. Galan ɗaya ya riƙa kai mu nesa, tulin itacen bayan ɗaki ya zauna har gara ta fara ci. Maƙwabciyarmu, matar makanike, ta leƙo ta gani, ta yi nata da kwali da garin katako. Yanzu ina jin ana ta bayani a rediyo kan hayaƙin da ke ɗumama duniya. Madalla. Ni dai hayaƙin tsakar gidanmu na sani.

Tarin Mama ya lafa a hankali. Ran bikin godiya ta ɗaura zanin zumunta, ta tsaya gaba, ta ja waƙar, matan suka amsa. Muryar ba ta koma yadda take da ba, akwai ɗan kaushi a ƙasanta, amma ta kai har bencin ƙarshe inda nake zaune. A gida kuwa wake na cikin bargo yana jiran mu.