Tagar Da Na Fasa Wa Babana

Komai daɗewar da zan yi a duniya, ba na jin zan manta da shekarar da na zagaye rumfar ƙofar gidana da gini, ni kaɗai, da hannuna.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Magaria. Ana cikin bazara aka aiko mini daga ƙauyenmu na wajen Dogo-Dogo cewa babana ya faɗi a bakin rijiya yana shayar da shanu, ɓarin jikinsa ya shanye. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ƙannena biyu kuma suna Aljeriya wajen nema. Na je na ɗauko shi. Matata ma ba ta nan, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a tsallaken iyaka. Gidan ya zama daga ni sai shi.

Ya ƙi kwana a cikin gida. Da harshensa da ya yi nauyi ya ce shi ba zai shiga ɗakin suruka ba, ko tana nan ko ba ta nan. Sai na shimfiɗa masa katifa a rumfar kwano da ke jikin bangon gidan ta waje, wadda na yi da niyyar wata rana in buɗe shago. Ginshiƙai ne da rufi kawai, tana kallon hanya.

Da na ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, hankalina ya tashi. Ruwan farko da aka yi, feshi ya jiƙa shi har bargo, ni kuwa ina lakwal. Ranar na yanke shawarar mayar da rumfar ɗaki. Na taɓa bin magina ina saurayi, don haka na ari abin buga bulo, mai amalanke ya kawo mini yashi, na shiga aiki. In na taso da yamma sai in tuɓe riga, in kwaɓa siminti, in ja igiya, in jera abin da ya samu kafin magariba. Ba mai miƙo mini bulo, ba mai ɗebo mini ruwa. Wani lokaci sai na hau kan jarka in tuna na bar cokalin gini a ƙasa, in sauko in ɗauka. Baba yana kwance yana bina da ido. Ba mu saba hira ba tun ina yaro, ciwon kuma ya ƙara rage maganar. Ƙarar shebur ce kawai a tsakaninmu.

Na gama gefe biyu, na dawo bangon gaba. Na tsara ƙofa a kusurwa, taga kuma can sama kusa da rufi, saboda ɓarayi da feshin ruwa. Ina ta murna aiki yana sauri. Sai dai na lura tun da bangon gaba ya fara tashi, Baba ya rage cin abinci. Na ɗauka ciwon ne.

Wata Lahadi da hantsi ina kan gini, wata dattijuwa mai tallan nono ta tsaya a hanya. Ban san ta ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ina tsohon da ke kwana a nan? Ko an mayar da shi gida?"

Na ce, "Yana ciki, Inna."

Ta ce, "Ayya. Kullum in zan wuce sai ya ɗaga mini hannu, ya tambaye ni ko shanunmu sun samu ciyawa. Kwana biyu ban gan shi ba, na ce ko lafiya."

Ta yi ɗage ta leƙa, bangon ya fi ta tsawo. Ta gaishe shi ta bayan bulo, ta wuce.

Na sauko na shiga. Ban san abin da ya sa ba, na kwanta a ƙasa kusa da katifarsa, na sa kaina daidai da nasa, na duba inda yake dubawa. Bulo ne kawai, toka-toka, da layin siminti. Ana jin wucewar ƴan kabu-kabu da kukan tumaki, amma ba a ganin kowa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a fili yana hango garke tun daga nesa, ga abin da ya rage masa.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya daɗe kafin ya haɗa maganar. Ya ce, "Na ga kana wahala... kai kaɗai. In ce ka rushe?"

Na tashi na ɗauko guduma. Bulon da na jera da gumina na dinga fasawa, tun daga daidai gwiwa zuwa ƙirji, na gitta ƙarfe a sama don kada bangon ya tsage. Maƙwabcina ya zo wucewa ya ce, "Malam, wace irin taga ce wannan a ƙasa? Ai akuya ma za ta shiga." Na ce ta shiga. Da haske ya faɗo kan katifar, Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya dafa bakin tagar, ya bar shi a nan.

Ya yi damina a ɗakin. Masu wucewa suna durƙusawa su gaishe shi, manoma suna ba shi labarin yadda hatsi ya yi. Ni ma in na dawo sai in zauna kusa da shi mu kalli hanya tare. Ana cikin girbi Allah ya karɓi abinsa. Ƙannena ba su samu zuwa ba, ta waya suka yi kukansu.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa mai rauni gata, ka sauko inda yake kwance ka ga abin da yake gani. Sau da yawa ba zai buɗe baki ya faɗa maka ba, don yana jin nauyin wahalar da kake yi dominsa.