Kifin Ɗan Kawu

Tun ranar da Mama ta liƙa hoton ɗan Kawu a jikin firij ɗinmu na daina shan ruwan sanyi. To, ƙarya nake, amma na yi kwana biyu ina buɗe firij ido a rufe. A hoton yana durƙushe a bakin wani tafki a Birmingham, ya rungumi kifin da ya kai ƙanwata girma, yana washe haƙora kamar shi ya halicce shi.

Ni ne fa na fara kamun kifi a danginmu na Ingila. Wani dattijon Bature ya koya mana a cibiyar matasa ta unguwarmu a Salford, gefen Manchester, kafin council ta ce babu kuɗi ta garƙame wurin, a shekarun nan da in ka kunna talabijin sai ka ga wani mai taye yana cewa a tsuke bakin aljihu. Ranar rufewa dattijon ya raba mana sandunan fatsa. Ni na koya wa ɗan Kawu soka tsutsa a ƙugiya, yana ihu yana yarfe hannu. Yanzu shi ake yabo.

Ni kuwa a canal, wata doguwar hanyar ruwa da ke bayan gidanmu, nake jefa ƙugiyata. Abu mafi nauyi da na taɓa jawowa tayar keke ce. Kifayen wurin in ka ɗora ɗaya a kan biredi sai ka nemi tabarau.

“Dubi yaro mai albarka,” in ji Mama duk safiya. “Gidan kawunka sun huta da sayen kifi. Kai kuma sai dai ka dawo min da warin tsutsa.”

Da hutun bazara ya zo aka ce ni da Mama za mu yi sati ɗaya a Handsworth, unguwar su Kawu a Birmingham. Na kira ɗan Kawu. Ubansa ƙanen Mama ne, saboda haka taubashina ne, kuma bai taɓa barin in manta cewa ni ɗan mace ne ba.

“Bawana,” ya ce, “lasin kamun kifin da ke hannunka na gwamnati ne, izinin riƙe sanda kawai. Tafkin nan na ƙungiya ne, sai da katinsu. Ba sa sayar da na yini ɗaya, na shekara ne, kuma baƙi irinku sun fi biya. Amma kada ka damu, ka zo ka riƙe min jaka.”

Ya faɗi kuɗin. Daidai yake da abin da na tara wajen wanke motocin dattawan coci don in sayi takalmin ƙwallo. Tsohon takalmina ya buɗe baki har babban yatsana yana gaishe da mai tsaron gida kafin ƙwallo ta isa. Ko takalmi, ko katin tafkin da zan yi amfani da shi kwana shida kawai, don ba wanda zai riƙa biya min kuɗin mota zuwa Birmingham saboda kifi.

Daga Manchester zuwa Birmingham na sauya shawara sau ɗari. In muka wuce shanu sai in ce takalmi. In muka wuce ruwa, ko da kududdufi ne, sai in ce kati. A ƙarshe na ce bari in je in gani da idona tukun, kallo dai ba a biya.

Washegari da safe muna shirin fita sai ga Mama da kula cike da ƙanƙara, da wuƙa a naɗe cikin jarida, da kwalbar yaji.

“Yau da hannuna zan gyara shi,” ta ce. “Kan a yi farfesu, sauran a soya.”

Ɗan Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya taka masa ƙafa. “Ƙyale Yaya ta zo,” ya ce, fuskarsa kamar ta mai karɓar baiko a coci. Ni ma na san abin da zai faru, don dattijon nan ya koya mana dokar. Amma a ganina ba aikina ba ne in kare mutuncin mai kirana bawa.

Tafkin ya ba ni haushi da kyau. Bishiyoyi, agwagi, ko leda ɗaya babu. Tsofaffin Turawa sun jeru a kujerunsu shiru kamar ana jarrabawa. Muka zauna har Mama ta gama ba Kawu labarin duk wanda ya mutu da duk wanda ya yi aure a gida.

Sai sandar ɗan Kawu ta lanƙwashe. Ya miƙe, zaren yana kuka, ya ce in ɗauko raga. Na so in ce hannuna na ciwo, amma ƙafafuna sun riga sun kai ni. Da kifin ya taso, jikinsa ruwan zinariya, bakinsa kamar na kofi, na zura raga na ɗaga. Nauyin ya kusa jefa ni ciki.

Mama ta rangaɗa guɗa. Agwagi suka watse, wani tsoho ya zubar da shayinsa. Ta buɗe kula ta fara warware jarida.

Ɗan Kawu ya kwantar da kifin a kan wata 'yar katifa mai laushi, ya zare ƙugiya a hankali, ya ɗiga masa magani a leɓe, ya auna shi, Kawu ya ɗauki hoto. Sannan ya durƙusa ya sa shi cikin ruwa, ya riƙe shi kaɗan, ya saki.

“Ya kuɓuce! Kama shi! Kai, kama wutsiyar!”

“Gwaggo, ni na sake shi. Doka ce, ba a tafiya da su.”

“Wace doka? Duk waɗanda nake gani a hoto fa?”

“Duk suna ciki, Gwaggo. Wannan ma na taɓa kama shi.”

Mama ta dubi wuƙarta, ta dubi ruwan, ta dubi Kawu wanda dariya ta kwantar a ciyawa.

“Wato ku biya kuɗi, ku kama, ku yi masa magani, ku sallame shi? Ni sati uku ina jiran ganin GP, likitan unguwa, kifi ya samu a take har da gado!” Ta juyo kaina. “Kai ne mai hankali ashe. Saura in ji ka ba su ko kwabo.”

Ya kamata in yi murna. Abin da nake nema ke nan tun farkon bazara, ga shi an ba ni a gaban kowa. Amma idona na kan tsofaffin nan. Ɗaya ya ɗaga wa ɗan Kawu babban yatsa. Wani ya taso takanas ya tambaye shi abin da ya sa a ƙugiya, ya tsaya yana saurare kamar ɗalibi. Ni ko kallo ba a yi min ba, ni da na ɗaga kifin.

Da safe na ce zan raka ɗan Kawu, na wuce rumfar mai kula da tafkin na zube masa kuɗin takalmina gaba ɗaya a kan tebur. Ya rubuta min kati, ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin Turancinsu na Birmingham mai kama da mura.

Kwana huɗu ina zaune. Na sauya tsutsa, na sauya masara, na sauya wuri, har addu'a na yi da Hausa ko kifayen za su ji sabon abu su leƙo. Na kama guda biyu, in aka haɗa su za su cika cokali. Mama ta tsinci katin a aljihun wandona ranar Alhamis. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai in tambayi ƙungiyar ko ana buga ƙwallo da kati a ƙafa.

Ranar ƙarshe na gaji da wurina na ce mu yi musanya da ɗan Kawu. Ya yarda ba musu. Ko zama ban gama yi ba sandarsa ta lanƙwashe, a daidai inda na kwashe safiya ina zuba masarata. Wannan ya fi na farko.

“Zo ka riƙe in ɗauke ka, bawana,” ya ce. “Ba wanda zai sani a Salford.”

Na so. Har hannuna ya fara miƙewa. Sai na ga yadda yake kallona da tausayi, na ce a'a, shi dai ya riƙe kayansa, ni zan ɗauke shi.

Na ja da baya, na daidaita wayar a tsanake. Kifin ya fito tsaf, daga baki har wutsiya. Kan ɗan Kawu ne dai bai samu shiga ba.