Safiyar da Muka Shiga Kogi

Ɗaliban Kano da na Damagaram da ke zuwa shan shayi wurina a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, da sun ji na yi soja a Sudan sai su gyara zama. "Yalla Kawu, ba mu labarin yaƙi." Harbi suke son ji. Ni kuwa abin da ya zauna mini a rai shi ne sanyi, da ƙwarƙwata, da miyar adas, wani ɗan mitsitsin wake, da muka sha har muka tsani launinta.

Lokacin sanyi ya same mu a bakin kogi, kudu da Sinnar, cikin wata gonar mangwaro da masu ita suka gudu. Faɗa ya lafa a ɓangarenmu, aka ce mu haƙa ramuka mu zauna, muka zauna. Alwalar asuba sai mutum ya cije haƙori. Bargo ɗaya na mutum biyu ne. Da hantsi mu tuɓe riguna mu baza a rana, muna bin ɗinki da farce muna kashe ƙwarƙwata. Shayi babu sukari, sai zafinsa kawai.

Hausawa muna da yawa a sansanin, 'ya'yan manoma da masunta na ƙauyukan bakin Nilu. Abokin ramina masunci ne, ya girme ni, bakinsa ba ya hutawa. Yaya nake ce masa.

Ana nan aka kawo mana sabon hafsa, saurayi daga birni. An raɗa masa cewa wani a cikinmu yana kai wa ɗaya ɓangaren labari, shi kuma ba ya jin Hausa, don haka mu ya zarga. Ya tara mu ya ce daga yau Larabci kaɗai za a yi, duk wanda aka ji yana rutana zai gane kurensa. Rutana ita ce sunan da suke ba kowane harshe in ba nasu ba, kamar dai ba magana ba ce, surutu ne.

Da aka zo cin abinci yana tsaye kusa da mu. Na dube shi sosai, sannan na juya na ce, "Yaya, miƙo mini gishiri." Ba mantuwa ba ce. Ƙanena sanye da irin wannan kakin ya mutu, kuma da Hausa ya kira sunan mahaifiyarmu kafin ya cika.

Hafsan ya tambaye ni da Larabci me na ce.

"Gishiri na ce, ranka ya daɗe," na amsa, da Hausa.

Hukuncina shi ne in shiga kogi bayan sallar asuba, ruwa iya ƙirji, in tsaya har rana ta ɗaga. Na shiga. Da farko kamar ana yanka ni, daga baya na daina jin ƙafafuna gaba ɗaya. Haƙorana suna kaɗawa, amma na ƙi sunkuyar da kai, don hafsan yana bakin gaɓa yana kallo.

Can sai ga Yaya. Ya zauna ya cire takalmansa a tsanake, ya jera su, ya faɗo cikin ruwan yana ɗaga murya: "Kai ƙane, ashe wanka ka zo ba ka tashe ni ba?" Wani ya biyo shi, wani ya biyo wancan. Kowa ya shigo sai ya gaishe ni da ƙarfi, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi. Abin da ban zata ba, wani dogo daga duwatsun Nuba ya shigo yana zuba nasa yaren, bayansa ga mutumin gabas da nasa. Mai dafa abinci ma ya bar tukunya a wuta.

Hafsan yana ihu, hannunsa a kan bindigar ƙugunsa. Sai tsohon sajenmu, Balaraben arewa mai furfura, ya matsa kusa da shi ya ce, "Ma'alish, a yi haƙuri, yallaɓai. In ka harbe su, ni da kai ne za mu tsare ramukan nan." Hafsan ya tsaya yana huci, sannan ya juya ya tafi.

Ba a taɓa janye dokar ba, an dai daina zancenta. Mai kai labarin kuma ba a same shi ba, in ma akwai shi. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni, Yaya yana shafa mini man riɗi mai zafi yana zagina wai na cika taurin kai.

Da zafi ya shigo faɗa ya dawo, ƙarfen bom ya shige mini ƙugu, aka sallame ni. Garinmu ya watse, na ɗauko mahaifiyata muka bi ta Halfa da Aswan har Alƙahira. Yaya ya ƙi fitowa. Saƙon muryarsa na ƙarshe, ƙorafi yake wai an ba shi sababbin takalma duka biyun na ƙafar hagu. Ya ce an ƙone masa kwalekwale, amma ya riga ya ga bishiyar da zai sassaƙa wani, kuma duk wanda ya taɓa ta, da shi zai yi.